Sunan Holida a Ƙarshen Faifai

Usta Erkin, gwanin gyaran kayan sauti, bai ko ɗago kai ba da Davron ya ajiye garmahon a kan teburin shagonsa da ke bayan kasuwar Chorsu a birnin Tashkent. Ya kwance kan allurar, ya kanga shi ƙarƙashin gilashin da yake duba ƙananan abubuwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja tsaki.

"Wannan ai ba allura ba ce, garma ce. Bakinta ya ɓare. Me kake nomawa da ita?"

Davron ya zaro abin da ya kawo shi daga aljihun ƙirji, a nannaɗe cikin hankici. Kati ne mai hoton teku, an shafe fuskarsa da siririyar roba, an huda tsakiyarsa. Shekara ashirin da biyar ke nan da aka tura mahaifinsa Tursun, ma'aikacin jirgin ƙasa, hutu a bakin teku. A can ya shiga wata 'yar rumfa da ake ɗaukar murya, ya yi maganar minti biyu, aka yanka ta a kan katin, ya aiko gida. Tursun mutum ne mai nauyin baki. Tsawon zamansu bai taɓa kiran matarsa da sunanta ba, sai dai "uwar Mohira", da sunan 'yar fari, kamar yadda ubansa ya yi. Amma ranar, da ya ga daga shi sai na'ura, a ƙarshen maganar ya yi ƙasa da murya ya ce Holida. Sau ɗaya tak. Yau shekara tara da rasuwarsa, kuma babu muryarsa a ko'ina cikin duniya sai a katin nan.

Ita Holidar ce ke kwance, huhu ya cika da ruwa, likita ya ce a kira na nesa. Ba abin da ta roƙa sai ta ji katin. To, tsohon akwatin sautin gidan ya ƙone tun bara, da Davron ya jona garmahon da sabuwar lasifika sai muryar ta fito kamar kukan sauro, ga tsohuwa kunne ya yi nauyi.

Usta ya shimfiɗa masa magana dalla-dalla. Akwai ɗan akwatin ƙara sauti, ga shi can a kan kanta, ana jona shi muryar za ta cika ɗaki. Sai dai akwatin ba ruwansa da abin da allura ke yi wa faifai. Robar katin ta tsufa, ta yi laushi, duk juyi ɗaya ɓararren bakin nan yana kankare ta. Abin da katin ke buƙata sabon kan allura ne, irinsa kuwa ya ƙare a Tashkent, sai an aika birnin Almaty, a ƙasar maƙwabta, wajen wani abokinsa. Kwana goma sha biyu.

"Usta, ba ta da kwana goma sha biyu."

"Kai ka rubuta mata kwanakinta?"

Davron ya miƙa hannu ya nuna akwatin da ke kan kantar. Usta ya sauko da akwatin yana ƙunƙuni, ya ce allurar zai aika a kawo ko an so ko ba a so ba. Ya kuma ja masa kunne: kada ya kunna yau. Ya jira gobe da hantsi, shi da kansa zai zo da na'urar kaset, a juya katin sau ɗaya a kwafe, daga nan kowa ya sha sauraro. Ya biyo shi har ƙofa yana maimaitawa, kamar mai sallamar wanda ya san ba zai ji ba.

Da la'asar numfashin Holida ya canza. Ya zama gajere, yana fita da wani ƙara. Mohira, yayar Davron, ta fito tsakar gida idonta jawur, ta same shi ƙarƙashin rumfar inabi yana jujjuya akwatin a hannu. Ya gaya mata abin da Usta ya ce. Ta dube shi sama da ƙasa.

"In ta tafi kafin gobe, sai ka kunna wa Ustan naka ya ji."

Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Ya kwashi kayan ya shiga ɗakin.

Akwatin ya yi aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Tursun ya yi gyaran murya, sai da kofunan shayi suka motsa a kan tire. Ya gaida yara, ya ce ruwan tekun gishiri ne zalla, ya yi ƙorafin ba su iya dafa shinkafa a can ba, ya ce a kula da itacen inabi. Holida ta buɗe ido. Da ya zo ƙarshe ya faɗi sunan, hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. Davron kuwa ba fuskarta yake kallo ba. Wani siririn zare yake kallo, fari-fari, yana nannaɗuwa a bakin allurar kamar ɓawon karas.

"Sake," in ji Holida.

Ya ce Oyi, wato Mama, a bari sai gobe. Ta ce sake. Wa zai hana mai barin duniya? Ya hure zaren, ya mayar da allura farko.

A karo na biyu shinkafar ta ɓace cikin shuu. A na uku gaisuwar yara ta tafi, teku ya tafi. Sunan ya fi daɗewa, amma a na huɗu rabinsa ne ya fito, a na biyar allurar ta zame ta wuce wurin ba ta tsaya ba. Lokacin Holida ta yi barci, hannunta a cikin na Mohira. Davron ya ɗaga katin a hasken taga. Hoton tekun na nan, layukan ne suka yi fari fat. Ya kakkaɓe burbushin daga gwiwarsa, ya rasa inda zai zuba shi, ya sa a aljihu.

Da hantsi Usta ya zo da na'urar kaset a hammata. Ya karɓi katin, ya karkata shi, ya mayar. Ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Holida ba ta mutu ba. Kwana uku zazzaɓin ya sauka, a na bakwai ta sha romo, ta yi wa Mohira faɗa a kan gishiri. 'Yan uwan da aka kira suka koma garuruwansu suna hamdala. Davron ma ya yi hamdala, da gaske, amma duk sa'ad da ta dubi inda garmahon yake sai ya kawar da kai.

Ranar sha biyu Usta ya kawo kan allurar a cikin ɗan kwali kamar na ashana. Ya ɗaura shi, tunda an riga an kawo. Holida na zaune a tsakar gida cikin bargo, ta ga abin da ake yi, fuskarta ta washe.

"Yawwa. Sa mini babanku."

Davron ya dubi Usta, Usta ya dubi ƙasa. Ya aza katin. Sabuwar allura ta sauka a hankali, ba ta kankari komai ba, ta bi layukan tsaf, akwatin kuma ya ɗaga abin da ta samu ya cika gidan da shi. Shuu ne, daga farko har ƙarshe.

Holida ta karkato da kunnenta mai ɗan ji, tana murmushi, tana jira.

"Ƙara sauti, Davron," ta ce. "Ya kusa zuwa wurin."