Sunan 'Yar Fari

"Hansai!"

Kofin shayi ya kuɓuce daga hannun Hansai ya tarwatse a tsakar gida. Malam Tanko tela, mahaifinta, ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin takalmi. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga da muciya a hannu. Shekara ashirin da biyu da haihuwar yarinyar nan, ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin uwarta Magajiya sai yau, kuma da ƙarfin da masu wucewa a layin Abakpa sai da suka waiwayo.

"Hansai 'yata, bar kofin, kar ki yanke. Hansai, je ki taso baƙuwarki. Ai yau ni da kaina zan kai ku yawon ganin gari."

"Magajiya, lafiya kuwa?" in ji Malam Tanko.

"Lafiya ƙalau, Malam. Wayewa na yi."

Malam ya dubi fuskarta, ya ƙarasa sa takalminsa, ya fice ba tare da ya sha kokonsa ba. Ya san matarsa.

Hansai dai 'yar fari ce. Tun tana zanen goyo "ke" take amsawa, in ba ta wurin kuwa "waccan". Haka uwar Magajiya ta yi wa nata ɗan farin, haka kakarta, kuma ba wanda ya mutu. Sai ga kwalejin horon malamai ta zaɓi Hansai cikin musayar ɗalibai, aka tura ta Ingila shekara guda. Wasiƙunta duk kukan sanyi ne da dafaffen dankali ba barkono, da wata tsohuwar mai gida da ke kulle ɗakin wanka. Can ta yi ƙawa, wata Baturiya doguwa mai suna Birenda, wadda ta riƙa yawo da ita ranakun hutu, yau gaban ƙaton agogo, gobe filin da tattabaru ke hawa kan mutane ba kunya.

To, wata rana ana hira a ɗakin kwanan ɗalibai, kowace na ba da labarin uwarta, sai Hansai ta ce ita tata uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba. Turawa suka kewaye ta. Wata ta kama hannunta, wata ta kawo mata biskit. Yarinya ta ji daɗin tausayi, sai ta ƙara gishiri. Birenda kuwa ta kwashe duka ta zuba a jaridar kwalejinsu, da hoton Hansai cikin kwat, tattabara a kafaɗa.

Wautar ita ce Hansai da hannunta ta aiko da jaridar gida, wai a ga hoto. A tunaninta wa zai tsaya karanta Turanci?

Magajiya mai atamfa ce a babbar kasuwa. Kwana uku tana zagaya rumfuna da jaridar nan a ƙirji, tana cewa a zo a ga waccan a Landan. Rana ta huɗu Markus, akawun gidan waya, ya zo saya wa matarsa turmi, ta tara matan layi ta miƙa masa. Ya karanta layi biyu ya yi tari.

"Mama, rubutun yara ne. A bar shi."

"Karanta, Markus. Kowa ya ji."

Ya karanta, yana juyawa da Hausa, gumi na bin wuyan rigarsa. Yarinyar da uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta taɓa rungumar ta ba. Ba ta taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita ba. Ranar da za ta hau jirgi ma ko ƙofar gida ba ta rako ta ba. Ba a dai rubuta cewa Magajiya ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba bayan tafiyar, don wannan ba a gaban mutane aka yi shi ba.

Uwani mai daddawa, wadda rumfarta ke kallon ta Magajiya kuma suka shekara goma suna gaisuwar haƙora, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Kai, Magajiya! Mu ko Kafanchan ba a san mu ba, ke mugun halinki har Sarauniya ta karanta."

Wata takwas Magajiya na haɗiye wannan. Hansai ta dawo, ta kawo mata laima da sabulu mai ƙamshi, ta karɓa ta ce an gode. Ko da wasa ba ta ta da maganar ba. Da ta ji Birenda za ta zo hutu ta sauka a gidansu, sai ta fara shiri. Duk ranar da gida ya watse, takan cusa kai cikin randar da ba ruwa ta faɗi sunan a hankali, don harshe ya saba. Ranar farko sai da ta yi istigfari.

Yanzu ga su a tasi, su uku a baya. Magajiya ta sha leshi da gyale mai ruwan zinari, ta zauna a tsakiya, ta kama hannun 'yarta ta ɗora a cinya tana shafawa.

"Hansai, faɗa wa ƙawarki na yi murna da zuwanta. Hansai, ce mata na ji saƙonta tun bara."

Hansai ta gane jaridar ake nufi. Ta faɗa wa Birenda rabin farko kawai. Birenda kuwa idanunta sun kawo ruwa, ta dafe ƙirji, ta yi ta zuba Turanci.

"Me ta ce, Hansai?"

"Wai... wai ta ji daɗi da muka shirya."

"Da faɗa muka yi? Allah sarki, Hansai."

Direban, wani dattijo mai furfura, ya dube su ta madubi. "Hajiya, autarki ce wannan? Na ga ana ji da ita."

"'Yar fari ce."

Dattijo ya taka birki ba dalili, ya ce a'uzubillahi, ya ja mota sai gidan tarihi.

A gidan tarihi Birenda na duban kawunan yumɓu na mutanen da, tana rubutu a ɗan littafinta. Magajiya ko kallo ba su ishe ta ba, ta ce tukwanen Jaba sun fi su kyau. Aikinta ɗaya ne. Ɗakin shiru, sauti na amsawa, ta tsaya a wannan ƙarshe ta ƙwala kira zuwa wancan. Akwai 'yan makaranta da malaminsu ya kawo, cikinsu har da waɗanda Hansai ke koyarwa a aikin gwaji. Magajiya ta ratsa tsakiyarsu, ta kama haɓar malamarsu, ta goge mata gumi da bakin gyale, ta gyara mata ɗankunne. Yara suka toshe baki, kafaɗunsu na rawa.

"Inna," in ji Hansai ƙasa ƙasa, "mutane fa."

"Wane mutane, Hansai? A Ingila ba haka ake yi ba?"

Daga nan sai Ƙofar Gamji, bakin kogi. Birenda ta hau tsohuwar gadar ƙarfe tana neman kada a ruwa. Magajiya ta sayi gasasshiyar masara, ta zauna a benci, ta ɓare ƙwayoyi a tafin hannu.

"Buɗe baki, Hansai."

"Inna, na ƙoshi."

"Buɗe. An ce ba ma ci tare."

Yarinya mai neman takardar malanta, wadda ta hau jirgin sama sau biyu, ta buɗe baki aka zuba mata masara a gaban sojoji biyu da wasu ma'aikata masu hutun rana. Birenda ta sauko da gudu ta ɗaga kyamara. Magajiya ta ga haka, ta rufe ido, ta tattaro duk ƙarfin halinta, ta manna wa 'yarta baki a kumatu kamar yadda ta taɓa ganin wata matar Bature ta yi a ƙofar kanti. Kyamara ta yi ƙyas.

Kada a ɗauka Magajiya daɗi take ji. Bayanta ya jiƙe sharkaf, kowane kira ɗaya kamar ta tuɓe ɗankwali a tsakiyar titi. Amma in ta tuna dariyar Uwani sai ta ji sabon ƙarfi.

"Saura kasuwa," in ji ta.

"Inna, rana ta yi. Birenda ta gaji."

Birenda da ta ji kalmar kasuwa ta tafa hannu, don ita ce kalma ta uku da ta iya bayan sannu da na gode.

Tun daga bakin ƙofa Magajiya ta saƙala hannunta cikin na Hansai. Layin 'yan koli, layin masu tasa, layin mahauta, ko'ina sai ta tsaya ta gabatar da ita ga mutanen da suka san yarinyar tun tana rarrafe. Kafin su iso layin atamfa labari ya riga su. Mata sun bar rumfunansu. Uwani ta fito har tsakiyar hanya, hannu a ƙugu. Markus ma yana nan, don tun jiya aka aika masa cewa Mama na neman sa ƙarfe biyu, kar ya makara.

Magajiya ta hau kan bencin rumfarta.

"Jama'a, ga Baturiyar da ta rubuta ni. Ga kuma Hansai. Hansai! Hansai 'yar Tanko! Kun ji ko in ƙara? Zo nan, Hansai, hau cinyata in yi miki tawai, a ɗauka a kai wa Turawa."

Wata tsohuwa mai kuka da kuɓewa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani ya ce a nemo mai ruƙiyya. Uwani ta buɗe baki, amma yau dariyar ta ƙi fitowa.

Hansai ta zube a ƙasa, gwiwa biyu, cikin ƙura da ɓawon rake, siket ɗin Ingila da komai. Ta kama ƙafar uwarta.

"Inna, don girman Allah ki bari. Na tuba. Wallahi na tuba."

"Me na yi? Ba abin da kika je kina kuka a kansa ba ne?"

"Ba na so, Inna. Ki daina faɗa."

"Ni ba ni za ki gaya wa ba. Ga ta nan. Da Turanci, da ƙarfi. Markus, kasa kunne, in ta rage ko kalma ɗaya ka faɗa mini."

Hansai ta juya, hawaye na ɗiga daga haɓarta, ta yi ta magana da Birenda. Markus na bi yana juyawa don matan layi. Ta ce a nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari don kunya, ba don ƙi ba. Ta ce ta san haka tun tana yarinya. Ta ce ta bar su suna tausaya mata ne don a garin nan mai sanyi ranar ce kaɗai aka kewaye ta ana sauraron ta.

Birenda ta yi ja har kunnuwa. Ta dubi uwar a kan benci, ta dubi 'yar a ƙasa, ta yi wata tambaya a hankali.

"Me ta ce?" in ji Magajiya.

Markus ya sosa ƙeya. "Wai to duk abin da aka yi yau, tun safe, ba so ba ne?"

"Ce mata duka ne. Bulala ce ban samu ba."

Markus ya juya mata. Birenda ta rufe ɗan littafinta, ta tura shi can ƙasan jaka. Sannan ta yi abin da ba wanda ya koya mata: ta naɗe dogayen ƙafafun nan ta durƙusa kusa da ƙawarta, ta ce, "Sannu. Na gode." Iyakar abin da take da shi ke nan, ban da kasuwa. Layi ya ɓarke da dariya, har tsohuwa mai kuka ta buɗe fuska.

Magajiya ta sauko daga benci da kyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta zauna, ta juya wa 'yarta rabin baya, ta shiga gyara turamen da ba su karkace ba.

"Ke, tashi ki samo wa baƙuwa ruwa. Kin bar ta a rana kamar ba a gidan mutane kika tashi ba."

Hansai ta miƙe zumbur, ta share fuska, ta ja hannun Birenda suka nufi famfo, tafiyarta sakayau kamar an sauke mata buhu. Mata suka watse suna maimaita labarin tun kafin su kai rumfunansu.

Uwani ce kaɗai ba ta tafi ba. Ta matso, ta jingina da ginshiƙin rumfa, ta rage murya.

"Kin rama, ban hana ki ba. Amma sau goma sha tara na ƙirga a layin nan kaɗai. Yanzu da baki ya ɗanɗana, gobe da safe me za ki kira ta?"

Magajiya ta ɗago za ta wanke ta tas. Sai ta hango yarinyar can bakin famfo, ta sunkuya tana tara kwano, gefen siket ɗinta na jan ruwan kwata. Ta buɗe baki za ta ce mata ta tattare, sai ta ji sunan zaune a kan harshenta, ya riga "ke" isowa.

Ta yi maza ta kwance bakin zane, ta ɓare goro, ta cusa ɓari guda a baki, ta yi ta tauna.