Awa Ɗaya a Agogon Baba Sha'aban

Duk Salaga, daga Zongo har bakin tasha, in ka tambayi wanda ya taɓa tatsar saniyar Bature a ƙasar Bature, suna ɗaya za a ba ka: Baba Sha'aban. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma ya shekara bakwai a Ingila, a wani ƙauye da yake kira Tidilbiri, ya kuma dawo da yatsunsa goma cif. Sanyi bai ci ko ɗaya ba. Sa'o'insa da suka riƙa ƙaryata shi, duk shi ya raka su maƙabarta.

To, wannan mutumin ne yau kwana arba'in da ɗaya yake zaune a tsakar gidan 'yarsa Atikatu a Yendi, ƙofar gida a kulle, mabuɗi ɗaure a bakin zaninta. Abu ɗaya yake so a duniya: a mayar da shi ɗakinsa na Salaga, da dakalinsa, da masallacin unguwarsu.

Agogo ne ya jawo masa.

Yana ɗan shekara goma sha takwas wani likitan dabbobi, Mista Holbin, ya ga yadda yake kayar da bijimi da igiya ɗaya. Da Baturen ya tashi komawa gida ya kafa gona, sai ya tafi da shi. Ƙauyen gida talatin ne da coci ɗaya, da wata tsohuwa mai sayar da kan sarki da alewa. Shanu kowacce da sunanta kamar 'yar mutum. Kare yana kwana a ɗaki kusa da wuta, shi Sha'aban yana kwana a saman garke, ɗumin shanu na taso masa ta tsakanin katako. Da damina manyan mutane masu gashin baki su taru a fili suna gasar wanda kabewarsa ta fi girma. Takardar tafiyarsa kuwa tana cikin aljihun teburin Mista Holbin, wai don kada ta ɓata. Ko ina ya juya shinge ne na ƙaya, an aske shi sumul, bayan shingen wani shingen. Shekara bakwai bai ji kiran salla ba sai ƙararrawa.

Aikinsa shi ne ya tatsi shanu, ya cika garewani da madara, ya kai su bakin hanya kafin lori, motar kwasar madara, ta zo ƙarfe bakwai. Wata safiya a shekararsa ta farko ya kai madara kamar kullum, sai ya tarar lori ta wuce tuntuni. Mista Holbin ya yi ta faɗa har wuyansa ya yi ja. Ashe a ƙasar nan, in sanyi ya fara sakin jiki, kowa sai ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya. In sanyi ya dawo, a janyo shi baya. Babu wanda ya gaya wa shanu, babu wanda ya gaya wa Sha'aban. Ran nan Baturen ya ciro tsohon agogonsa ya ɗaura masa a hannu, ya ce in ya sake makara, babu tuwo.

Bai sake makara ba. Da cutar baki da kofato ta faɗa wa garken, aka harbe shanun aka ƙone, Mista Holbin ya buɗe aljihun tebur ya ba shi takardarsa. Ya dawo Salaga da agogon, kuma tun daga lokacin bai fasa ba: ƙarshen Maris ya tura shi gaba, ƙarshen Oktoba ya janyo shi. Rabin shekara agogonsa daidai yake da na kowa. Ɗaya rabin kuma, in ya duba, sai ya cire awa ɗaya a kansa. Fiye da shekara hamsin yana wannan lissafi, bai taɓa kuskure ba.

Sai ranar wata Talata. Ladan ya yi tafiya Kpandai sayen doya, ya bar masa lasifika. Baba Sha'aban ya duba hannu ya ga sha biyu da rabi, ya tashi ya kira azahar da muryar nan tasa da ake ji har kasuwa. Rana ba ta ma kai tsaka ba. Matan unguwa suka yi salla a gidajensu. Sai da liman ya hau lasifika ya ce duk wanda ya yi ya sake. Kafin mako ya zagayo, Atikatu ta zo da mota ta ɗauke shi, wai ya zo Yendi ya huta kwana biyu.

Yau da hantsi ta ajiye masa koko da ƙosai a gefen tabarma.

"Baba, Fuseini na hanya. Ya taso daga Bawku tun da safe."

"Ya zo kai ni gida ke nan."

"Ya zo mu yi magana."

"Magana! Atika, ni da na yi magana da Turawa shekara bakwai, su suka gaji. Buɗe min ƙofa in leƙa titi."

"Ran nan da na buɗe, a ina aka tsinto ka?"

"A tasha. Mai hankali in zai gudu ai tasha yake zuwa. Mahaukaci ne ke nufar daji."

Ta yi dariya ba don tana so ba, amma ba ta kwance bakin zanin ba. Ya san abin da ta gaya wa maƙwabta. Ya ji ta ta bayan katanga tana cewa tsufa ya taɓa kansa, har yana cewa akwai ƙasar da ake murɗa lokaci da hannu. Ya kuma san abin da ke jiransa a Bawku: ɗaki a bayan shagon hatsin ɗansa Fuseini, taga ɗaya, garin da bai san kowa ba.

Fuseini ya iso bayan la'asar. Ƙanen Atikatu ne, dillalin shanu da hatsi, mai jiki, mai saurin magana. Ya tsuguna ya gaida mahaifinsa, ya sha ruwa, bai tsaya kwana-kwana ba.

"Baba, Yaya ta ce har yanzu kana nan kan maganar agogo."

"Ina nan. In ka ga na sauka, to an binne ni."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

"A nan huɗu da minti goma. A Tidilbiri biyar da minti goma. Yanzu haka an koro shanu daga fili, suna layi a bakin garke."

"Ka ji ko?" in ji Atikatu. "Haka yake yi kullum. Gari ɗaya, lokaci biyu."

"Gari biyu, 'yar nan! Ke da aka biya miki makaranta!"

Fuseini ya ciro waya. Ya ce yana da aboki, Hakim, ɗan Bawku, yana tuƙin bas a Ingila. Bari a kira shi a huta. Ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Bayan gaisuwa ya ce, "Hakim, don Allah dubi agogonka. Ƙarfe nawa a wurinku?"

"Biyar da kwata ta kusa. Lafiya?"

"Ba lokacinmu ɗaya da ku ba? Da azumin bara..."

"Da sanyi ne muke ɗaya. Yanzu mun tura gaba da awa guda. Kowace shekara haka ake yi, sai Oktoba a mayar. Wa ke tambaya?"

Baba Sha'aban bai jira an miƙa masa wayar ba. Ya miƙe tsaye ba sanda, ya daki ƙirji. "Ni ne! Sha'aban na Salaga! Tun ubanka bai yi kaciya ba nake murɗa agogon nan! Gaya musu, ɗana, gaya wa 'yan boko!" Ya juya ga katanga ya ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Kun ji dai! Daga Ingila aka faɗa!"

Atikatu ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe min. Wallahi na ɗauka..."

"Na yafe. Ɗauko min jakata."

Fuseini ya kashe wayar, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Baba, gaskiya ka faɗa, mu ne jahilan. Amma shekara hamsin kana cire awar nan a kanka. Ranar Talatar nan me ya hana ka cirewa?"

 Wannan tambayar ita ce Baba Sha'aban yake yi wa kansa kullum in ya idar da salla, bai kuma taɓa samun amsa ba. Ya duba agogo ran nan, ya ga sha biyu da rabi, kansa bai ce masa komai ba.

"Rana ce ta yi zafi," ya ce. "Kowa ya ga ranar nan zai ce azahar ta yi."

"To shi ke nan. Ga abin da za a yi. Ka mayar da agogon kan lokacinmu, da hannunka, yanzu a gabanmu, ka bar shi haka har abada. Babu sauran lissafi, babu sauran kuskure. Gobe da safe ni da kaina zan kai ka Salaga. Yaya, kin yarda?"

"Na yarda."

"Wannan ne kawai?" Baba Sha'aban ya yi tsaki. "Ni da na yi wannan da yatsu a daskare, cikin duhun garke, saniya na shurina?"

Ya zauna. Ya kwance agogon daga hannunsa, fatar wurin fara fat. Ya sa farce ya zaro ɗan kan da ake murɗawa. Hannunsa ko rawa bai yi ba, a shaida masa wannan.

Sai ya tsaya. Awa ɗaya ce, ya sani. Amma ta wane gefe? Ya nemi abin a kansa kamar mai laluben aljihu. Lori ta riga shi, shi ne ya makara. Wanda ya makara kuwa a baya yake. Wanda ke baya ai gaba zai matsa ya cim ma mutane. Ya ji maganar ta zauna daidai. Ya murɗa a hankali, dogon hannun agogon ya zagaya sau ɗaya cif, ya tura kan ya koma. Ya miƙa wa Fuseini yana murmushi.

Fuseini ya duba. Ya duba wayarsa: huɗu da minti ashirin. Ya sake duba agogon: shida da minti ashirin. Ya miƙa wa yayarsa. Atikatu ta duba, ta kai gefen mayafi ga idonta, ta tashi ta shige madafa.

Baba Sha'aban ya karɓi abinsa. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane. Ya buɗe baki zai ce a ba shi ya sake, sai ya ga fuskar ɗansa, ya rufe. Ya ɗaura agogon a hannu yadda yake, ya ja maɗaurin har rami na ƙarshe.

"Baba," Fuseini ya ce a hankali, "an share ɗakin. Na sa an saka fanka."

Tsohon ya gyara hularsa, ya kalli ƙofar gidan, ya kalli ɗansa.

"Dama na daɗe ina jin yadda ake cutarka a kasuwar shanun Bawku," ya ce. "Kana sayen saniya ba ka duba haƙori. Gara in zo in tsaya maka. Shagon naka, daga tagar ɗakin ana hango titi?"

"Bayan gida take kallo, Baba."

"To. Ba komai. Ƙarfe nawa motar ke tashi?"