Baƙo daga Biro

Kazar tana ta kuka a hannun Habsu, ita kaɗai farin bana ya bar musu. Mijinta Abarshi yana tsaye da wuƙa, cikin rigarsa ta Salla.

"Malam, mutumin nan fa talaucinmu zai zo gani."

"Haba Habsu. Ya tako daga biron gwamnati har gidana, in sallame shi da ruwa tsura?"

Shekara talatin tana fama da wannan taurin kai, kuma shi ne abin da take so a wurin mutumin. Ta miƙa masa kazar.

Barmo maƙwabcinsu ne ya kawo labari daga kasuwar Gure. Gwamnati ta kasa taimako kashi uku: jar dawa ga masu yunwa, iri ga manoma, awaki ga wanda dabbobinsa suka mutu. Hanyar samu guda ce, ma'aikacin biro mai bin gida-gida, wanda ake kira Mushe Sani, ya rubuta sunanka. Shanun Abarshi goma sha bakwai kuwa suna can kwance a hanyar Bune, ungulu ma sun gaji da su.

*

Mushe Sani ya zauna a tabarmar aro, ya ci kaza har da lasar yatsa. Mutum ne mai ladabi, bana aka turo shi daga Yamai, bai san halin mutanenmu ba.

"Baba, ya kuka ji da farin nan?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Akwai abinci a gidan?"

Abarshi ya yi dariya. "Yanzu me ka ci?"

A bayan zana Habsu ta dafe kai. A gidan Barmo tun safe aka binne buhun gero, kowa ya sa tsumma.

*

Ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya zo da taimakon, aka yi ta kiran sunaye har la'asar. Barmo ya tafi da dawa da awaki biyu. Ba a kira Abarshi ba. Ya komo ya zauna a gindin rumbun da babu komai ciki.

"Na cuce ki, Habsu."

"Sai yau ka sani?" ta ce tana murmushi, ta ajiye masa kwanon anza mai ɗaci, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa.

Ya yi loma biyu ya tura mata sauran. Can ya tambaya a hankali, "Amma dai kazar ta yi masa daɗi ko?"

"Ta yi, Malam."

Iska tana ta juya gashin kazar a tsakar gida.