Benen da ke Falon Gwaggo

Duk wanda ya shiga falon Gwaggo, da benen yake fara cin karo kafin ya ga matar gidan. Na katako ne, yana tsaye kusa da taga, tsawonsa ya kai kafaɗar mutum. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa shi da hannunsa lokacin da aka ba shi aikin zana dogon ginin ofisoshin nan na tsakiyar gari, don masu ginin su ga abin da za su samu tun ba a haƙa tushe ba. Gajeren mutum ne, har abokansa kan tsokane shi wai haushin rashin tsawo ya huce a kan siminti. Kowane hawa ya yi shi yadda za a zaro kamar durowa. Da ya rasu, Gwaggo ba ta ga dalilin barin ɗakuna haka a banza ba. Ta zuba maɓallai a ƙasa, zare da allurai a tsakiya, can sama kuma alewar da take ɓoye wa likita.

Wata safiya autarta ta shigo da baƙuwa, wata injiniya mai fara'a da hular kwano a hannu. Aka gaisa, aka zauna.

"Umma, an sake sayar da ginin Abba," in ji Auta.

"Wa kuma ya saya? Ginin nan ya fi tsohuwar mota sauya hannu."

Gaskiyarta ce kuwa. Banki ne ya gina shi, kuma tun ana aiki suka soke lambun da marigayin ya tsara a samansa, wai su ba gona suka ce a yi musu ba. Daga nan kamfanin inshora ya saya, ya toshe barandun da aka yi don inuwa da iska, ya lulluɓe ginin da shuɗin gilashi daga sama har ƙasa, ma'aikata suka riƙa dahuwa a ciki suna fifita da fayil. Sai kamfanin waya, wanda ya kafa masa ƙarfe a ka, ya ɗaura masa allon talla a ƙirji. Tun daga lokacin mai zanen ya daina bin titin. Ya gwammace ya zagaye rabin gari da ya ɗaga kai ya ga abin da aka yi masa.

Injiniya ta ce sababbin masu ginin so suke su cire gilashin, su mayar da komai yadda aka zana tun farko, har da lambun. Matsalar ita ce ruwa ya taɓa cinye ɗakin ajiya na ƙasa, zanen asali duk ya ruɓe. Wannan na katako kaɗai ya rage.

"Mama, so muke ki ba mu shi mu auna, in mun gama mu ajiye shi a harabar ginin, kowa ya gani."

Gwaggo ta waiwaya wajen benen. Littattafan marigayin ta rabar, rigunansa ƙannensa sun ɗauka, wannan ne kawai abin da ya rage mata mai sawun hannunsa. In ya fita daga falon nan, to mutumin ya gama fita ke nan.

"Ba inda za shi," ta ce. "Mai son awo ya zo nan ya auna."

Ta ɗauka hakan zai kore su. Ina! Washegari sai ga su da tef da kwamfuta, manyan mutane masu furfura sun durƙusa a kan dardumarta suna leƙa ƴan tagogi kamar masu neman kuɗin da ya faɗi ƙarƙashin gado. Falon ya koma ofis. Gwaggo ta kafa doka: ba shiga da takalmi, kuma duk wanda ya zaro hawa ya mayar da shi da kayansa. Duk da haka wani tsohon safiyo mai kwaɗayi cikin masu awon ya gano hawan sama, alewa ta yi ta raguwa, yana rantsuwa awo yake yi.

Tana kai musu shayi tana kasa kunne. Gardama suke yi a kan mijinta kamar yanzu ya fita zai dawo.

"Dubi zurfin barandun yamma. Mutumin nan ya san halin rana."

"Ya san taurin kai dai. Wa ke sa matakala a nan?"

Gwaggo ta tuntsire da dariya, don taurin kan nan ita ta fi kowa saninsa. Rabon da ta ji ana hirarsa haka, da yabo da zagi a haɗe, har ta manta. Daɗi ya cika ta.

Da aka gama awo suka yi godiya, suka tattara kayansu. Ba wanda ya sake tayar da maganar ɗauka. Falo ya yi tsit. Gwaggo ta zauna ta dubi benen, sai kunya ta kama ta. Shekara da shekaru yana nan, baƙi na jingina laima a jikinsa, ita kanta ba ta zuwa wurinsa sai in maɓalli ya tsinke. Riƙe shi take yi, amma ba mai ganinsa.

Ta juye maɓallan a kwano, ta kira Auta ta ce a turo mota. Ta ƙi zama a gaba, a bayan motar ta zauna ta rungume benen, tana yi wa direba faɗa a kan kowane rami.

A harabar ginin ana ta sauke gilashi, barandu sun fara leƙowa. Ba a gama daidaita benen a kan teburinsa ba wata ma'aikaciya da ke sauri zuwa lif ta ja birki, ta zagaye shi, ta sunkuya tana neman tagar ofishinta.

"Kai, wa ya yi wannan?"

Gwaggo ta gyara mayafi.

"Mijina ne. In ba kya sauri, zauna in ba ki labarinsa."

Matar ta dubi agogo, ta dubi lif, sannan ta jawo kujera.