Ki Gaya wa Ɗiyarki

"Direba, don Allah ƙara mana sautin nan," in ji wata mata daga kujerar baya. "Waƙar gawon ce."

Direba ya murɗa rediyo, muryar ta cika motar da ta taso daga Dogo za ta Damagaram. Kellu na matse tsakanin taga da wani ɗan kasuwa Bakano, bidon man gujiya, jarka guda, a tsakanin ƙafafunta. Ta kau da kai tana kallon gonaki, sai ka ce ita kaɗai ce kurma a motar.

"Ikon Allah," in ji Bakanon. "Waƙar majami'a ce fa, amma har Kano an kai ta. Shagon da ka shiga, ita ce. Maƙwabcina alhaji ne, sai ya kulle mota yake saka ta."

"Ai Rahina tamu ce," in ji matar baya. "'Yar Dogo ce, ɗiyar marigayi Gambo. Yau ma za ta yi wasa a gidan matasa bayan la'asar. Sai dai an ce uwarta ta yafe ta. Da kunnena na ji a rediyo, yarinyar har muryarta na rawa. Ko sunanta uwar ba ta kira."

"Kai, wasu iyaye dai!" Bakanon ya juyo wajen Kellu. "Ko ba haka ba, Hajiya?"

"Allah ya kyauta," in ji Kellu, ta ƙara riƙe bidonta.

Ita ce uwar. Matar baya baƙuwar aure ce a wani ƙauye, ba ta san fuskarta ba.

Rahina ɗiyarta ce ta fari. Da aka yaye ta, Fati, yayar Gambo, ta zo ta ɗauke ta riƙo. Fati ba ta taɓa haihuwa ba, kuma aure ya kai ta gidan wani Kirista malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ta bi addinin mijinta. Dangi suka yi fushinsu, suka gaji suka huce. Masu magana sun yi magana, Gambo ya ce ɗan'uwa rabin jiki ne, ba zai bar yayarsa a gidan da ba motsin yaro ba. Kellu ta yi kukanta a madafa, ta share hawaye. Uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama su yi hira ido cikin ido. Haka uwarta ta yi wa yayansu, haka kakarta ta yi.

Yarinya ta tashi cikin mawaƙan majami'a. Bara ta fitar da faifanta, Inuwar Gawo, sai abin ya kama kamar wutar daji. Yamai aka kira ta, Maraɗi aka kira ta, har ƙasashen bakin teku. Makon jiya wani ɗan jarida ya tambaye ta a rediyo ko mahaifiyarta, da yake Musulma ce, tana goyon bayanta. Rahina ta ce, "Innata ba ta taɓa ce mini komai a kan waƙata ba. Sunana ma ban taɓa ji a bakinta ba. Da ina cewa kunya ce. Yanzu ban sani ba."

Kellu na tuyar ƙuli-ƙuli lokacin. Kasko guda ya ƙone ƙurmus. Surutun mutane bai dame ta ba, mutum ai ba ya rasa abin faɗi. Wannan "ban sani ba" ɗin ne ya hana ta barci. Wato yarinyar ta fara zaton don addini ne uwarta ke kau da kai? To wa zai gaya mata ba haka ba ne, tun da bakin da ya kamata ya faɗa a ɗaure yake?

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, don haka ba wanda ya tambaye ta dalilin tafiya. Da ta sauka a tasha, ko hanyar kasuwa ba ta kalla ba. Ta tare ɗan kabu-kabu ya kai ta Sabon Gari. A hanya ta ga hoton Rahina manne a bango, da farar riga, hannu a sama. Ta saci kallo sau ɗaya. Yarinyar ta rame.

Gidan Fati a cike yake maƙil. 'Yan matan mawaƙa na guga a tsakar gida, ana ta jan wayoyi da akwatunan sauti zuwa mota. Fati ta fito daga ɗaki tana ɗingishi, ta ga Kellu, ta buga salati irin na gidansu, don shi kam baftisma ba ta wanke shi daga bakinta ba.

"Kellu! Ke ce da tsakar rana? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya. Mai na kawo miki. Na bana ne."

"Mai," in ji Fati, ta dubi bidon, ta dubi Kellu. Tsohuwa ce, ba a yi mata wasan yara. "To shigo da man naki."

Rahina na zaune a bakin gado ana ɗaura mata kallabi. Tana ganin Kellu ta zame ƙasa ta durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Lafiya," in ji Kellu, idonta a kan labule. Ta zauna a tabarma ta shiga ba Fati labarin damina da na wanda ya mutu da wanda ya haihu. Duk maganar da ta shirya a mota ta gudu. Bakinta sai zancen farashin gujiya.

Ana haka sai ga wani dogon mutum ya faɗo ɗakin, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ɗan Kwatano ne, shi ke kula da harkokin Rahina, kowa Mushe yake ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa a kasuwa ya koye ta, bai koyi abin da ke bayanta ba.

"Maman Rahina! Allah ya kawo ki!" Ya tafa hannu. "Mutane suna faɗin ƙarya, wai ba ki son ɗiyarki. Yanzu za mu kashe ƙarya. Ki duba nan, ki ce, 'Rahina ɗiyata, ina alfahari da ke.' Shi ke nan. Ƙarami ne."

Mai ɗaurin kallabi ta saki kallabi. Wata a bakin ƙofa ta ce, "Tabɗi!" Kellu ta ja mayafi ta rufe baki, kunya ta rufe ta har kunnuwa.

"Mushe, ba a haka," in ji Fati. "'Yar fari ce."

"To, 'yar fari! Ai ita aka fi so! Mama, sau ɗaya kawai. Ra-hi-na."

Wayyo, da ƙasa za ta tsage da Kellu ta shige. Ya tsuguna a gabanta yana murmushi, yana koya mata sunan da ita ta fara ji a duniya, ranar suna, tana bayan labule.

"Bar ta, Mushe," in ji Rahina. "Ba za ta faɗa ba. Ku je ku loda kaya."

A hankali ta yi maganar, ba fushi. Amma muryar rediyon nan ce sak, mai rawa a ƙarshe. Kellu ta ji ta har cikin hanta. In ta tashi ta koma Dogo a haka, yarinyar za ta hau jirgi da wannan zato, ta zaga duniya da shi.

Ta gyara zama. Ta juya wa Rahina baya gaba ɗaya, ta fuskanci Fati, ta sauke mayafi daga bakinta.

"Yaya, ni fa ba mai kaɗai ya kawo ni ba. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Ta ɗiyarki. Ki gaya wa ɗiyarki, waƙar nan ta fari, ta gawo, mai ganga ya cika hayaniya. Yana danne ta. Mutum sai ya kanga kunne kafin ya ji inda take cewa duk itace ya zubar da ganye, shi kaɗai ya ba ta inuwa. Wurin nan ne daɗin waƙar, shi kuma nan ya ga damar nuna ƙarfinsa."

Kellu ta ci gaba.

"Kuma ki gaya mata, ta makiyayin nan, da mura ta yi ta. Kada ta musa, ina ji a hancinta. Tun tana goye haka take, sanyi kaɗan sai hanci ya toshe. Wa ya bar ta ta yi waƙa da mura? Ba citta a Yamai ɗin?"

Mushe ya dubi mai hoto. Mai hoto, ɗan gari ne da ya san al'ada, ya riga ya sauke na'urarsa ƙasa.

"Wadda ta yi wa ubanta kuwa," in ji Kellu, "ta ce ya dawo daga gona da gero a ka. Gambo bai taɓa ɗaukar dami a ka ba, wuyansa na ciwo. A kafaɗa yake ɗauka. Amma a bar shi haka, ta yi daɗi. Ni dai ba na saka ta in da mutane."

"Kellu," in ji Fati a hankali, "duka kika ji?"

"Yo me zai hana? Jikar maƙwabta ta zuba mini su a talho, 'yar wayar nan tawa. Akwai wuraren da ba namu ba ne, inda take kiran Annabi Isa da sunan da ku kuke kiransa. In an zo nan sai in yi istigfari in ci gaba da saurare. Tsakaninta da Mahaliccinta ne, ni ba a ba ni alƙalanci ba. Amma muryar, Yaya…" Ta tsaya. Yabo ne ke shirin kuɓuce mata, ta kama shi da kyar. "Muryar ba laifi. Ki dai riƙa ba ta abinci. Na ga hotonta a bango, duk wuya."

A bayanta ta ji wani sauti, rabi kuka rabi dariya. Ba ta waiwaya ba. Fati na share ido da bakin zane, tana dariya ita ma.

"Goggo," in ji Rahina, muryarta a jiƙe, "ki gaya mata na ji. Murar gaskiya ce. Ki ce mata na tuba da abin da na faɗa a rediyo."

"Ta ce ta ji," in ji Fati, kamar ba ɗaki ɗaya suke ba.

"Ki ce mata ba komai. Yaro ai yaro ne."

Mushe ya sosa ƙeya. "To… ba za ta faɗi sunan ba?"

"Mushe," in ji Rahina tana goge fuska, kwalli duk ya ɓaci, "je ka gaya wa mai ganga ya sassauta hannu yau."

Aka kira azahar a masallacin unguwa. Fati da kanta ta ɗauko buta ta shimfiɗa wa Kellu sabon zane a ƙuryar ɗaki. Da ta idar, tsakar gida ta yi shiru, mawaƙa sun tafi, sai motar ƙarshe ke jiran Fati a ƙofa.

"Bari in sa a kai ki tasha," in ji Fati. "In kika yi jinkiri motar Dogo za ta tashi ta bar ki."

Kellu ta naɗe zanen a hankali, ta ajiye a kan gado. Ta gyara mayafinta.

"Wurin wasan nan, akwai kujeru can baya? Inda fitila ba ta kaiwa?"

"Akwai."

"To, mota ai akwai ta gobe."