Kakan Aro

Sau uku Muhsinat ta shiga banɗaki kafin a kira lamba ta tara, alhali tata lambar goma sha huɗu ce. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga, ta kurɓi ruwan ɗumi da zuma daga fulas, ta sake miƙewa. Yayarta Wasila, wadda ta rako ta daga unguwar Karama, ta kamo gefen abayarta.

"Ke don Allah zauna, kina sa ni jiri. Shwaiya shwaiya, bi a hankali, ba jirgi ne zai tashi ya bar ki ba."

Wata ƙungiyar masu wasan opera ce ta kama zaure a saman wani bene a Bur Dubai tana tantance 'yan wasa. Wasan barkwanci ne da ake rera shi da waƙa daga farko har ƙarshe, kuma gurbin mace guda ya rage: 'yar aiki mai tsiwa, wadda ke yi wa tsohon maigidanta ba'a a gaban baƙi. Wannan gurbin Muhsinat ke so, irin son da ke hana mutum cin abinci. Shekara biyu tana sayar da turare a kanti, duk ranar hutu tana koyon waƙa wajen wata malama 'yar Filifin, ba wanda ya taɓa sauraronta sai malamar da bangon matattakalar gidansu. Ƙungiyar kuwa sau ɗaya take ɗaukar mutane a shekara.

Ta bayan ƙofa wata ta ja murya har tagogi suka amsa. Muhsinat ta miƙe. Ta ce wa Wasila su tafi gida kawai, Wasila ta yi kamar ba da ita ake ba. Ana cikin haka aka kira sha huɗu.

Mutum uku ta tarar a ciki. Ga darakta, wata Baturiya mai furfura da tabarau a kan hanci, ga mai fiyano, ga kuma wani tsoho zaune a kujera a tsakiyar dandali da hular malafa da sanda. Shi ne Mista Lobo, mutumin Goa ta ƙasar Indiya, mai fitowa a maigidan. Muhsinat, 'yar Gwale da tarbiyya ta ratsa, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe su. Darakta ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗauka wani abu ne ya faɗi.

Fiyano ya fara. Waƙar cewa take tumbin maigida na riga shi shiga ɗaki, kuma sanƙonsa ya ishi gidan haske. Muryar ta fito tangaran, ba inda ta karkace. Sai dai tun daga baitin farko idon Muhsinat na kan kafet, hannuwanta a haɗe a gaba kamar wadda aka aika gidan surukai.

Darakta ta tafa sau ɗaya, fiyano ya tsaya.

"Muryarki tana da kyau," in ji ta da Turanci. "Amma wa kike yi wa ba'a, kafet? Ga mutumin nan. Dube shi. Sake."

Ta sake. Idonta ya tashi daga takalmin tsohon, ya wuce gwiwa, ya kai haɓa, yana cin karo da farin gemu ya faɗo ƙasa. Wanda bai tashi a inda ta tashi ba zai ce ƙaramin abu ne. Ita kuwa tun tana goye take jin cewa 'yar mutunci ba ta zuba wa babba ido, balle ta ambaci tumbinsa. Takaici ya cika ta, don ta san waƙar kamar yunwar cikinta, ga shi kunya za ta ƙwace mata gurbin a banza.

Darakta ta duba agogo, ta fara juya takarda. Kowa ya san abin da ke biyo baya, a ce an gode, za a kira ki.

"Madam, in yi masa tambaya ɗaya?" Bakin Muhsinat ne ya riga ta.

Darakta ta ɗaga kafaɗa.

"Baba, kana da jikoki?"

"Shida," in ji Mista Lobo. "Babbar ta kusa kai ki."

"To khalas, magana ta ƙare." Ta juya ga darakta. "A garinmu uba ake jin kunya. Kaka abokin wasa ne, duk abin da jika ta faɗa masa ya sha. Ku ara mini shi."

Ba ta jira amsa ba, ta yi wa mai fiyano alama. Ta riƙe ƙugu, ta auna tsohon da harara daga sama har ƙasa, ta murguɗa baki. Ta kewaye kujerar tana tafa hannu, ta nuna tumbin da leɓe, da ta zo baitin sanƙo ta fizge malafar ta ɗora a kan ɗankwalinta. A wurin da muryar ke hawa can sama ta ɗan zame, ta ji sarai, ba ta tsaya ba. Mista Lobo yana da baiti ɗaya da zai mayar mata, dariya ta hana shi, sai buga sanda yake yi a ƙasa.

Waƙar ta ƙare. Darakta na ta rubutu ba ta ɗago ba. Muhsinat ta fara lissafin zamewar nan, ta ce shi ke nan ta kashe kanta da hannunta.

"Asabar, ƙarfe huɗu," in ji darakta. "Za mu gyara wurin da kika zame. Gurbin naki ne."

Sai a lokacin Muhsinat ta tuna malafar mutane na kanta. Ta cire da sauri, ta miƙa masa da hannu biyu tana ba shi haƙuri. Tsohon ya karɓa, ya daɗe yana juya ta bai sa ba.

"Jikokin nawa suna Kanada," ya ce. "Su gaishe ni a waya da ladabi, su miƙa wa uwarsu. Shekara tara ke nan ba wanda ya fizge mini hula."

Tausayinsa ya kama ta. Ta dube shi ido cikin ido.

"To ka shirya, Kaka. Ranar Asabar har sandar zan ɗauke."