Gasar Munanan Yara

Tahidu ɗin nan na gidan Mma Lariba a Sabonjida, wanda aka tura Ankara, babban birnin Gana, koyon aikin jarida, shi ne fa ya dawo Tamale shekara biyu bayan samun mulkin kai. Ba hutu ya zo ba. Makarantarsu ta ce sai kowane ɗalibi ya yi aiki a wani wuri, mai wurin ya sa masa hannu, sannan a ba shi takardar gamawa. Shi sai ya faɗa wani kamfanin madarar gwangwani, ofishin hulɗa da jama'a, wato masu sa mutane su so kamfani. Ofishin kuwa mutum ɗaya ne, Mista Charles daga kudu, sai direba da mota mai lasifika a ka.

Mista Charles ya zo da dabara: gasar jarirai ranar Asabar. A ɗora yaro a sikeli, a ɗauke shi hoto, wanda ya fi kyau da ƙiba uwarsa ta samu turmin atamfa, a sa shi a jarida.

Tun farkon mako Tahidu ke cikin motar nan yana kira har murya ta dishe. "Wace ce ke da yaro mafi kyau a Tamale?" Duk inda suka ratsa, sai mata su ja zane su rufe goyonsu su shige gida. A unguwar Gurugu wata tsohuwa har tofi ta bi motar da shi.

"Masa, nan ba a yabon yaro a bainar jama'a," in ji Tahidu ga Mista Charles, wanda ake ce wa Masa, wato maigida. "Tsoron baki ake yi, kada ya kama shi."

"Baki na wa? A Kumasi mata yana faɗa don layi," in ji Mista Charles da Hausarsa ta kasuwa. "Kai ya ce kai ɗan gari ne. Asabar in benci babu mutum, ni ba ya sa hannu."

Ranar Juma'a da la'asar Tahidu ya dawo gida a gajiye, ya tuɓe takalmi ya zube a tabarma. Yayarsa Humu tana yi wa ɗanta Moro wanka.

"Yaya, ko ke kaɗai ce ki zo."

"Ni? In kai ɗana a auna shi kamar doya, duk gari su zuba masa ido? Je ka haifi naka ka kai."

Ana haka sai ga maƙwabciyarsu Azeta. Ta sure Moro da ruwansa tana cilla shi sama.

"Kai mummuna, hanci kamar an taka gauta. Wa zai ɗauke ka ko kyauta?"

Humu baki har kunne. "Ai ya fi naki muni."

"Ƙarya kike, nawa kansa kamar tulu."

Tahidu dai yana kwance yana jin su. Da wannan zagin aka rene shi, shi ma. Can ya miƙe da ƙyar, ya mayar da takalminsa, ya je ya taso direba.

Da 'yar muryar da ta rage masa ya zaga gari. "Gobe kamfanin madara zai fitar da yaron da ya fi kowa muni a Tamale. Mai ganin nata ya kai, ta kawo shi." Mata suka fito ƙofar gida suna riƙe ciki don dariya.

Asabar kuwa benci bai isa ba, har tabarmi aka aro. Kowace ta miƙo nata sai ta ce, "Masa, duba da kyau, wannan ko kura ba ta so." Mista Charles ya ja Tahidu gefe.

"Don me suna zagin yara?"

"Haka ake yi nan, Masa. Kai dai ka yi Turancinka, ni in fassara."

To fa. Duk yaron da Mista Charles ya ɗaga ya yaba da Turanci, sai Tahidu ya ce a lasifika, "Masa ya ce tun da yake bai taɓa ganin muni irin wannan ba." Uwar ta karɓi abinta tana taku ɗai-ɗai. Ƙarshe Moro ne ya kusa karya sikeli, Humu ta rungume atamfa.

Mista Charles ya sa hannu tun kafin a kwashe benci, ya ce jibi kuma sai Yendi. Tahidu ya gyaɗa kai kawai, murya ta riga ta tafi.

Da jarida ta iso, ga Moro ɓul-ɓul, a ƙasa an rubuta da Turanci wai shi ne yaro mafi kyau a Arewa. Humu ta kawo wa Tahidu tana haki.

"Malam ɗan jarida, karanta mini. Me suka ce?"

Tahidu ya daɗe yana kallon rubutun. A makaranta an ce musu ɗan jarida ba ya canza magana.

"Sun ce duk Tamale babu mai muninsa."

"Alhamdulillahi," in ji Humu. Ta fita da gudu nuna wa Azeta. Shi kuwa ya koma tabarmarsa ya rufe ido.